Attajirin da Ya Sayi Fili Don Kada a Gina Shi

A gundumar Wiltshire da ke kudu maso yammacin Ingila akwai wani ƙauye mai suna Avebury, wanda wani sashensa ke zaune a cikin tsohuwar ganuwa. Ganuwar ta ƙasa ce, ta zagaye fili kusan eka 28, tana da ƙofofi huɗu. Wanda ya san ganuwa zai lura da wani abu nan take: gwalalon yana ta ciki, tudun yana ta waje, ke nan ba don tare mahara aka yi ta ba. Waɗanda suka yi ta sun rayu fiye da shekara dubu huɗu da suka wuce, tun ba a san ƙarfe ba a wannan ƙasa. Da ƙahonin barewa suka fafe farar ƙasa mai tauri har ramin ya kai zurfin kusan mita 9. Sannan suka jawo manyan duwatsu kusan ɗari daga tuddan da ke kewaye, wasu nauyinsu ya kai tan 40, suka kafa su a tsaye a bakin ramin, suka ƙara wasu da'irori biyu a tsakiya. Ba su bar rubutu ba. Duk abin da za a iya sani game da su yana jikin wannan aiki nasu.

Romawa sun zo sun mulki ƙasar sun tafi, duwatsun na nan. Ƙabilun Sakson sun zo sun zauna, Normawa sun shigo da yaƙi a 1066, duwatsun na nan. Ɓarnar daga cikin gida ta fito. A ƙarni na 14 mutanen ƙauyen suka fara haƙa ramuka suna ture duwatsun ciki suna binnewa. Wannan ma da sauƙi, tunda abin da aka binne ana iya tono shi. Babbar asarar ta zo ne daga ƙarshen ƙarni na 17 zuwa farkon na 18, lokacin da ake neman fili ana neman kayan gini, aka kuma gano dabara. Sai a haƙa rami a gindin dutse, a kayar da shi a kai, a cika ramin da busasshiyar ciyawa a cinna wuta. In dutsen ya ɗauki zafi sosai, sai a tsiyaya masa ruwan sanyi a inda ake so ya tsage, a bi shi da guduma. Abin da ya ci ƙarfin jama'a guda kafin ya miƙe tsaye, mutum biyar ko shida sun isa su mayar da shi gutsattsarin da za a loda a amalanke.

Wani likita mai sha'awar kayan tarihi, William Stukeley, ya riƙa zuwa wurin tsakanin 1719 da 1724, yana awo yana zane, ana kuma fasawa a kan idonsa. Ba shi da ikon hana kowa. Abin da ya iya shi ne ya rubuta inda duwatsun suke, da sunayen waɗanda suka fasa su, littafin ya fito a 1743. Sunan da ya fi fita a ciki shi ne na Tom Robinson, ɗan garin, wanda ke fasa duwatsun yana gina gidaje da su. Har fuskarsa Stukeley ya sa aka zana a littafin. Ya kuma lura cewa gidan da aka gina da irin wannan dutse yakan jiƙe da danshi lokacin sanyi har kayan ɗaki su ruɓe.

Robinson ba ɓarawo ba ne. Ba cikin dare yake aikinsa ba, kuma babu wata doka da ya karya. Da an tare shi an tambaye shi, amsar ba za ta yi masa wuya ba: jama'a na ƙaruwa, suna buƙatar matsuguni, waɗannan duwatsu ba sa ciyar da kowa, kuma in shi bai fasa ba wani zai fasa. Kowane mai irin wannan aiki yana da wannan amsa a bakinsa, kuma akwai ƙanshin gaskiya a cikinta, shi ya sa take da haɗari. Amma yau shekara ɗari uku ke nan, ba a tuna Robinson da gidajen da ya gina. Duk wanda ya ambaci sunansa, duwatsun da ya fasa yake nufi.

Mutumin da wannan labari yake kansa an haife shi ne shekara ɗari da ɗoriya bayan haka. Sunansa John Lubbock, an haife shi a Landan ranar 30 ga Afrilu, 1834. Mahaifinsa, Sir John William Lubbock, mai banki ne kuma masanin lissafi wanda ya yi suna wajen nazarin cika da janyewar teku. Gidansu, High Elms, yana kusa da ƙauyen Downe a gundumar Kent. Shi da kansa ya ba da labarin wata rana a 1842 da mahaifinsa ya dawo gida ya ce yana ɗauke da babban albishir. Yaron ya ɗauka ɗan doki aka saya masa. Ashe albishir ɗin shi ne masanin halittu Charles Darwin zai tare a maƙwabtansu. A ranar bai ji daɗi ba. Daga baya Darwin ya ja shi a jiki, ya sa aka samo masa madubin hangen ƙananan halittu, ya koya masa yadda ake kallon abu a natse har a ga abin da yake, ba abin da ake tsammani ba.

Makarantarsa ba ta yi nisa ba. Ya shiga Eton a 1845, amma yana ɗan shekara 14 mahaifinsa ya cire shi ya kai shi banki, saboda abokan kasuwancinsa ba su da lafiya. Yana shekara 22 ya zama mai hannun jari a bankin. Ga dukiya, ga ƙuruciya, ga Landan a buɗe. Shi kuwa sassafe da dare ya mayar da su makaranta. A 1855 shi da marubuci Charles Kingsley suka tono ƙoƙon kan wani irin sa mai gashi, wanda a yau sai a ƙasashen ƙanƙara ake samunsa, a wani ramin tsakuwa kusa da Maidenhead, shaidar cewa Ingila ta taɓa zama cikin matsanancin sanyi. A 1858, yana shekara 24, aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta ƙasar. Wanda bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, shi ne ya riƙe shugabancin Jami'ar Landan daga 1872 zuwa 1880.

Hutunsa na shekara bai tafi a banza ba. Ya je kwarin kogin Somme a Faransa inda ake tono gatura na dutse, ya je Denmak ya ga jujin ɓawon kawa da mutanen da suka bari a bakin teku, ya je tafkunan Suwizalan inda aka gano ragowar ƙauyukan da aka gina a kan turaku. Daga wannan yawo littafinsa Pre-historic Times ya fito a 1865. A cikinsa ne ya raba zamanin dutse gida biyu, tsoho da sabo, kuma sunayen da ya ba su har yau da su ake karantarwa a jami'o'in duniya.

Akwai tabo a wannan littafi da wanda ya biyo bayansa a 1870, kuma bai kamata a rufe shi ba. Lubbock ya ɗauki al'ummu da yawa na Afirka, Ostireliya da tsibiran teku a matsayin mutanen da suka tsaya a matakin farko na ɗan Adam, yana kiransu da kalmomin raini, alhali bai zauna da su ba, da labaran matafiya da 'yan mishan ya dogara. Mutumin da ba ya yarda da magana a kan ƙwaro sai ya gwada da idonsa, ya karɓi jita-jita a kan mutane. Irin wannan tunani ya yi wa mulkin mallaka shimfiɗa, mu kuma mun san abin da ya biyo baya. Wannan laifinsa ne. Sai dai laifin mutum a wani wuri ba ya goge abin da ya yi daidai a wani wurin, kuma abin da ya yi daidai ɗin ne ya sa nake ba da labarinsa.

Ya nemi kujerar majalisa sau biyu yana faɗuwa, a 1865 da 1868, kafin ya ci ta Maidstone a 1870. Ya shiga yana sane da abin da ya kai shi, kuma cikin abubuwan da ya sa a gaba akwai samar wa ma'aikata hutu. A lokacin akawun banki ba shi da hutun kirki, saboda doka ta ce in ranar biyan bashi ta cika dole a biya a ranar, don haka banki ba shi da halin rufewa. Lubbock ya san inda ƙullin yake tunda sana'arsa ce. Ƙudurinsa na 1871 ya ware ranaku huɗu a shekara a Ingila, ya ce duk biyan da ya faɗo a cikinsu a ɗaga shi zuwa washegari. Da bankuna suka rufe, sai kantuna da ofisoshi suka bi, talakawa suka cika jiragen ƙasa zuwa bakin teku. Har mutane suka riƙa kiran ranakun da sunansa, suna haɗa shi da waliyyai. Mai banki ne fa ya kawo dokar da za ta rufe banki. A 1886 ya sake fitar da wata dokar da ta hana a sa yaron kanti da bai kai shekara 18 ba aiki fiye da awa 74 a mako. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna halin da yaran suke ciki kafin dokar.

A shekarar 1871 ɗin ce saƙo ya iso masa daga Avebury. Limamin cocin ƙauyen, Bryan King, ya sanar da shi cewa an yanka wani sashe na cikin ganuwar fuloti-fuloti ana sayarwa don gina gidaje. A lokacin yawancin duwatsun sun riga sun tafi, 'yan kaɗan ne suka rage a tsaye. In aka yi wannan ginin, abin da Robinson ya fara ya kammala ke nan.

A nan ya kamata a tsaya a duba hanyoyin da suke buɗe a gaban mutum irinsa. Ɗan majalisa ne, yana iya miƙewa ya yi jawabi mai zafi, jaridu su buga, ya koma ya zauna. Yana iya neman a kafa kwamiti. Yana iya cewa ba mazaɓarsa ba ce, kuma da gaskiyarsa, don Maidstone na gabas ne, Avebury na yamma. Mai banki ne kuma, ya fi kowa sanin cewa fili a tsakiyar gari ba ya faɗuwa, yana iya aika dillali ya kama masa fuloti biyu ko uku tun ba su yi tsada ba, babu mai zarginsa. Bai bi ko ɗaya ba. Ya sa hannu a aljihunsa ya sayi filin, ya bar shi fili. Bai kuma wulaƙanta masu neman wurin zama ba, ya lallashe su su yi gininsu a wajen ganuwar. Buƙatarsu ta gida gaskiya ce, ya yarda da ita. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ce a duk faɗin ƙasar babu inda za a yi gida sai a kan abin da magabata suka bari.

A 1873 ya ƙara da sayen tudun Silbury da ke kusa, tulin ƙasa mai tsawon kusan mita 40 wanda mutanen wancan zamani suka tara da hannu, babu kamarsa a Turai. An riga an haƙa shi a 1776 da 1849 ana neman dukiya ba a samu ba. Ya san babu zinariya a ciki ya saya.

Amma ya san aljihun mutum ɗaya ba zai rufe ƙasa ba. A shekarar ce ya kai ƙudurin kare wuraren tarihi gaban majalisa. Abin da ya nema ba shi da yawa: a jera muhimman wurare, kuma duk mai filin da yake son rushe ɗaya daga cikinsu ya fara sanar da hukuma, ya ba ta damar saye. Nan ya gamu da bango. Majalisar cike take da masu manyan filaye, kuma da yawa daga cikin wuraren da ake magana a kansu a gonakinsu suke. Wasu suka ce wannan ƙwace ne da sunan doka, mutum da filinsa ba mai gaya masa yadda zai yi. Wasu suka ce Baitulmali ba ta da kuɗin sayen tuddai. Har aka sami wanda ya ce bai ga dalilin da za a damu da ragowar mutanen da ba su waye ba. Ƙudurin ya mutu. Ya sake kawo shi, ya sake mutuwa. Haka aka yi ta yi kusan kowace shekara har 1880, wani lokaci ya tsallake karatu na biyu sai a ja shi a ƙasa har zangon majalisa ya ƙare.

Ana cikin wannan jayayya, a 1875, aka baje wata tsohuwar ganuwa da ake kira Caesar's Camp a Wimbledon, a gefen Landan. An sare itatuwanta, an ture tudun cikin gwalalo, don a yi gine-gine. Mai filin da ya ba da umarnin, Sawbridge-Erle-Drax, shi kansa ɗan majalisa ne. Wanda aka zaɓa ya zauna inda ake tsare amanar ƙasa, shi ne ya aika da ma'aikata da shebur. Ginin da aka yi niyya bai ma yiwu ba, wurin yanzu filin wasan golf ne, ganuwar kuwa sai ɗan alamarta.

Duk tsawon waɗannan shekaru, in Lubbock ya koma High Elms, wani aikin ne ke jiransa. Ya ƙera gidajen tururuwa da gilashi biyu, ya bar 'yar tazara a tsakani ya cika ta da ƙasa mai laima, ya rufe saman don tururuwa ba ta son haske a ɗakinta, ya kewaye da ruwa don kada su gudu. Yakan riƙe gidaje talatin zuwa arba'in a lokaci guda. Yana ɗiga wa tururuwa ɗigon fenti a baya don ya gane ta a cikin dubbai, ya zauna da agogo yana rubuta zuwanta da dawowarta. In majalisa ta riƙe shi, 'ya'yansa mata su karɓi gadin.

Abubuwan da ya gano suna da ban mamaki. Ya raba gida ɗaya biyu ya ajiye su nesa da juna fiye da shekara, da ya mayar da wasu cikin tsoffin 'yan'uwansu sai aka karɓe su lafiya, baƙuwa kuwa daga wani gida ana ganinta ake far mata. Ya bugar da wasu 'yan gida da wasu baƙi da barasa ya ajiye su a hanya. Waɗanda ba su sha ba suka tsaya kamar sun rasa yadda za su yi, daga baya yawancin 'yan gidansu suka ɗauke su suka kai ciki, baƙin kuma suka jefa su a ruwa. Ya lura cewa tururuwa na kwashe 'ya'yanta daga haske zuwa duhu, sai ya baza hasken rana da gilashi mai kusurwa uku ya zama launukan bakan gizo, ya ga suna kwashe 'ya'yan daga wani wuri gaba da launin shunayya, inda idon mutum ba ya ganin komai sai duhu. Ta haka aka san suna ganin wani haske da mu ba ma gani. Ya koya wa ƙudan zuma zuwa kan takarda mai launi ɗaya ta hanyar ɗiga zuma a kai, ya nuna suna bambance launi. Har wata rina ya taho da ita daga duwatsun Pyrenees, ta saba da shi tana cin abinci a hannunsa, ta yi wata tara a wurinsa.

Bai ɓoye abin da bai yi masa daɗi ba. Littattafan da suka gabace shi cike suke da yabon tausayin tururuwa. Shi kuwa da ya danne wasu da ƙasa a gefen hanyar da ke zuwa wurin zuma, ya ga 'yan gidansu suna wucewa ta kusa da su, su je su sha su dawo, sau da yawa ba wadda ta tsaya. Sun san 'yan'uwansu ne, tunda ya riga ya tabbatar suna gane nasu. Zumar ce a gabansu. Ya rubuta wannan kamar yadda ya rubuta sauran.

Akwai wata sarauniyar tururuwa da ya ɗauko a Disamba 1874, ta zauna a hannunsa har Agusta 1888. Kafin wannan ba a zaci ƙwaro irin wannan na iya kai waɗannan shekaru ba. Mutumin da ya iya lura da ƙwaro ɗaya kusan shekara 14, jan ƙafar majalisa ba zai gajiyar da shi ba.

Shekarar 1882 ta zo masa da abubuwa uku. A Afrilu Darwin ya rasu, Lubbock na cikin waɗanda suka nemi a binne shi a cocin Westminster Abbey, yana kuma cikin masu rakiyar makararsa. A shekarar littafinsa Ants, Bees and Wasps ya fito. A cikinta kuma gwamnatin Gladstone ta karɓi batun wuraren tarihi ta mayar da shi doka. Sai dai dokar da ta fito an cire mata haƙora. Ta jera wurare 68 a duk faɗin Birtaniya da Ayalan, amma ba ta tilasta wa kowa komai ba. In mai fili ya ga dama ya miƙa wurin ga kulawar hukuma, in bai ga dama ba shi ke nan. An naɗa sufeto guda, Janar Pitt Rivers, wanda daga baya ya zama surukin Lubbock, ya riƙa bin masu filaye gida-gida yana roƙo. Wasu sun amsa. Mai Stonehenge, wurin da ya fi kowanne suna, ya ƙi. Ɗaya daga cikin manyan duwatsunsa ya faɗi a daren ƙarshe na 1900, wurin kuma bai zama na al'umma ba sai 1918, bayan Cecil Chubb ya saye shi a gwanjo a 1915 kan fam 6,600 ya kuma bayar da shi kyauta. Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, amma a sha'anin kayan tarihi sau da yawa kafin a je an tarar babu abin da aka je nema.

A 1900 Sarauniya Biktoriya ta ba shi sarautar Lord. A al'adarsu wanda aka naɗa shi ke zaɓar sunan da zai ɗauka, yawanci sunan wani wuri. Yana da High Elms inda ya girma, yana da Landan inda dukiyarsa take. Ya zaɓi Avebury. Tsakanin ranar da ya sayi filin nan da ranar da ya ɗauki sunan akwai shekara 29, aikin ya daɗe da riga sunan zuwa. Ko'ina a duniya mai dukiya in ya ƙoshi yakan nemi suna, kuma wannan ba aibi ba ne. Sunan gari ba ya ƙin kowa, yana hawa kan wanda ya tsare garin, yana kuma hawa kan wanda ya yanka shi ya sayar. Mutanen garin ne kaɗai suka san wanne ne wanne, ko da ba su faɗa a gaban mai sunan ba.

Saboda filin ya tsira ne Alexander Keiller, magajin wani kamfanin jam na lemo, ya sami abin tonowa a shekarun 1930. Ya zaƙulo duwatsun da aka binne a ƙarni na 14 ya sake tsayar da su. A ƙarƙashin ɗaya, a 1938, aka sami ƙasusuwan wani mutum da almakashi da 'yan tsabar kuɗi na wancan zamani, ana kyautata zaton wanzami ne. Waɗanda aka fasa kuwa babu yadda za a yi da su, sai ƙananan turakun siminti aka kafa a gurbinsu. Wurin ya koma hannun ƙungiyar National Trust a 1943, a 1986 kuma UNESCO ta sa shi tare da Stonehenge cikin wuraren tarihi na duniya.

Dokar da Lubbock ya nema tun farko bai gan ta da idonsa ba. Sai da wani abin kunya ya faru tukuna. A 1911 aka ɓanɓare manyan murahun dutse na fadar Tattershall, ginin ƙarni na 15, aka loda su da nufin kai su Amurka. Ƙasar ta ɗauki zafi, Lord Curzon ya sayi fadar, ya bi sawun murahun ya dawo da su, ya kuma tsaya a majalisa sai an gyara dokar. Lubbock ya rasu ranar 28 ga Mayu, 1913, a Kingsgate da ke Kent, yana da shekara 79. A watan Agusta na shekarar sabuwar dokar ta fito. Ta ba hukuma ikon dakatar da mai fili daga rushe wurin tarihi, ta kuma wajabta masa ya ba da sanarwa kafin ya taɓa duk wurin da ke cikin jerin. Kusan abin da ya roƙa ke nan a 1873, majalisar ta ɗauki shekara arba'in kafin ta amince da shi.